Cikin da Muka So Mu Kwantar

Shekarun baya, a shekarar da jirgin saman nan ya tashi daga Kuala Lumpur cike da mutane ya ɓace, aka yi ta nema a teku ba a gan shi ba, a shekarar ne matata ta samu ciki. Da jirgin nake gane shekarar, domin a lokacin ban iya karanta kalanda ba. Talabijin ɗin da ke rataye a gidan abincin da muke aiki ba ta nuna komai sai ruwa, ɗalibai suna cin tuwo suna musun inda ya faɗa. Yanzu da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, na ga gara in rubuta abin da ya faru da hannuna tun ina tuna shi daidai. Matata ta san ina rubutawa. Ta ce in rubuta, amma kada in sa suna.

Gidan abincin yana saman wani shagon yadi a bayan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, a Kuala Lumpur ɗin, babban birnin Malesiya. Na wani Alhaji ne ɗan garinmu. Ni ne mai gashin nama da tuƙin tuwo, matata ce mai miya. Masu cin abincinmu yawanci ƴan Arewa ne da gwamnati ta turo ƙaro karatu, waɗanda shinkafar mutanen ƙasar ta gundura. Na riga matata zuwa da shekara huɗu. Duk tsawon lokacin tana gidanmu tare da mahaifiyata tana jira, kuma kafin nan mun daɗe da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Wanda ya san garuruwanmu ya san irin maganar da mace ke sha a kan wannan, a gidan suna, a bakin famfo, har a wajen makoki. Da Alhaji ya samo mata takardar aiki ta iso, muka kama ɗaki a wani bene a unguwar Cheras, sai ta zama wata mace daban. Tana ƴar waƙa a kicin. Ta riga ni kama yaren ƙasar, har takan yi mini dariya idan ta aike ni sayen albasa na dawo da tafarnuwa.

Takardar tana da sharaɗi. Tun ranar farko ejan ɗin da ya yi aikin ya faɗa, Alhaji ya fassara mana. Duk shekara kafin a sabunta ta sai an je gwajin asibiti. A ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji, mace kuma a ba ta ƴar roba ta kawo fitsari. Idan aka ga ciki ba za a sabunta ba. Sai gida, kuma da wuya a bari ta sake dawowa. Ƙasar tana son hannun da zai yi aiki, ba ta son baƙi masu irin takardarmu su hayayyafa a cikinta. Da aka gama bayani matata ta yi ɗan murmushi, ta ce ai wannan dokar ba don irinta aka yi ta ba. Har Alhaji ya ji kunya ya sauya magana.

A shekara ta biyu na lura ta daina jure warin daddawa. Tana buɗe kwalbar sai ta fita baranda ta tsaya. Ni kuwa da kaifin basirata na ce ko daddawar ce ta lalace, har na zubar da rabin kwalba. Sai wata rana da yamma muna cikin bas za mu koma Cheras, lokacin ba a gama layin jirgin ƙasan unguwar ba, ta juya fuska wajen taga ta ce a hankali, “Malam, wata biyu ke nan ban yi fashin salla ba.”

Na riƙe ƙarfen kujerar gabana, na yi ta hamdala a zuci har muka wuce inda za mu sauka. Muka dawo da ƙafa muna dariya kamar yara. A kan matakalar benenmu ne ta tsaya cak, dariyar ta ɗauke. Ta tuna mini cewa gwajinta a wata mai zuwa ne.

Na ce ta tafi gida kawai, ta haihu a gaban Inna, Allah zai yi mana wata hanyar. Ta ce ba ta ƙi zuwa gida haihuwa ba. Abin da ta ƙi shi ne a kore ta. Idan ta ci gwajin, tana da takardar shekara guda a hannu, za ta nemi hutu wajen Alhaji ta je ta haihu, ta bar yaron ya yi ƙwari ta dawo, ko mu ga yadda za a yi. Idan kuwa ta faɗi, an rufe mata ƙofa ke nan. Ni ina nan, ita tana can, sai mu koma zaman waya, yaro ya girma yana sanin ubansa ta murya. Ta ce ta ɗanɗana wannan zaman shekara huɗu, ba ta son ƙari. Ƙannenta kuma da aikinta suke makaranta. Na saurare ta har ƙarshe, ban ga inda ta yi kuskure ba. Matsalar ɗaya ce, cikin ya zo da wuri da ƴan makonni.

Muka kira mahaifiyata. Da ta ji labari ta yi guɗa har wayar ta riƙa ƙara a kunnena. Da ta ji matsalar kuma ko damuwa ba ta yi ba. Ta ce wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, a kwantar da shi mana. A kwantar da ciki ya yi barcinsa, idan an gama gwajin a tashe shi.

Wanda ya tashi a wajenmu ya san wannan maganar. Ana cewa ciki yakan kwanta, ya daina girma, ya zauna shiru wata da watanni, wani har shekara, sannan ya tashi ya ci gaba. Tsofaffin mata suna da saiwar kwantarwa, suna da ta tayarwa. Ni kaina, in ji Inna, kwantaccen ciki ne. Babana ya tafi cirani, ta ga ba za ta iya haihuwa ita kaɗai a shekarar yunwa ba, ungozomar ƙauyenmu ta kwantar da ni, na yi kusan shekara biyu a ciki. Tun ina yaro ake tsokanata da haka. Idan na makara a gona sai a ce ku ƙyale shi, tun a ciki ya saba jira. Har yau ina ganin da ƙamshin gaskiya a tsokanar, tunda ga shi sai da na doshi hamsin na fara haɗa baƙi da wasali. To mutumin da aka ce shi kansa shaida ne, ta yaya zai yi musu?

Inna ta faɗa mini sunan saiwoyin. Na zaga shagunan Indiyawa masu kayan ƙamshi ina kwatance da hannu, suna kawo mini citta da kirfa. A aiko daga gida kuma lokaci ba zai kai ba. Kwanaki suna ta tafiya.

A kicinmu akwai wata mata ƴar Indonesiya mai wanke-wanke. Ta girme mu, kowa yana ce mata Kakak, wato Yaya. Mace ce mai kirki, ita ta koya wa matata hanyar kasuwa da yadda ake ciniki. Takardarta irin tamu ce, ta fi shekara goma tana zuwa wannan gwajin. Matata ta ce idan akwai wanda ya san yadda matan nan suke yi, to ita ce. Ina tsaye a bakin murhu na gan su suna yankan albasa. Matata ta ɗora hannu a mararta, sannan ta haɗa tafukanta ta jingina kumatu a kai kamar mai barci, ta faɗi kalmar da ta sani, “Tidur.” Barci ke nan da yarensu. Kakak ta ajiye wuƙa ta daɗe tana kallonta. Ta tambaye ta ko mijinta ya sani. Matata ta nuna ni, ni kuma na gyaɗa kai ina murmushi. Kakak ta sunkuyar da kai ta ce, “Boleh.” Zai yiwu.

Bayan kwana biyu ta kawo ƙwayoyi a ƙulle cikin ƴar leda, babu kwali, babu rubutu. Ta nuna yadda za a sha. Ta ce za a ga ɗan jini, kada a tsorata. Da muka faɗa wa Inna ta ce haka ne, ita ma ta ga ɗan jini lokacin nawa.

Ranar Juma’a da safe matata ta sha. Ta yi bisimilla, ta kora da ruwan ɗumi, ta shafa cikinta ta ce, “Kwanta abinka, ni zan tashe ka.” Muka tafi aiki.

Na je masallaci a unguwar Kampung Baru, na yi addu’a mai tsawo. Da na dawo gidan abincin ya cika da masu cin abincin bayan salla, amma miyar tana kan wuta babu mai juya ta. Na same ta a lungun wanke-wanke zaune a kan bokitin da aka kifa, fuskarta ta yi toka, Kakak tana riƙe da ita tana goge ƙasa da tsumma da ƙafa. Jinin ba ɗan kaɗan ba ne. Kakak ta ce haka yake yi, zai tsaya. Na ce wa Alhaji zazzaɓi ne, na kai ta gida a tasi.

Jinin ya ragu amma bai tsaya ba. Zazzaɓi na gaske ya shigo. Tana rawar ɗari cikin zafin garin nan, ta ƙi abinci. Na ce mu tafi asibiti. Ta riƙe ƙafar wandona ta ce a’a, idan muka je za su duba su ga cikin, su rubuta, maganar ta kai ga masu takarda, duk wahalar ta tashi a banza. Ta ce saura kaɗan gwajin, in yi haƙuri. Haƙuri kuwa shi ne abin da na fi iyawa. Na sayo maganin zazzaɓi, na dafa mata ruwan zafi, muka jira. Mace tana ƙonewa a kan katifa, asibiti yana nan ƙasan titi ana hango shi ta taga, amma tsoron ƴar robar fitsari ya hana mu sauka.

Wata safiya ta tashi za ta yi alwala ta zube a ƙofar banɗaki. Na kira wani abokina, ɗalibi ne mai karatun digiri na uku, kullum a wajenmu yake cin abinci, muna tsokanarsa da Dakta tun bai gama ba. Yana da ƴar tsohuwar mota. Shi ya kai mu, shi ya tsaya mini tafinta.

Likitar mace ce mai ɗankwali, ba ta yi mana faɗa ba. Bayan ta duba ta fito ta tambayi abin da matata ta sha. Na fara bayani, abokina yana juyawa da Turanci. Da na zo wajen kwantarwar sai ya tsaya, ya juyo ya dube ni.

“Malam, me kuka yi?”

“Kwantar da shi muka yi, Dakta. Har a gama gwaji.”

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Daga baya ya faɗa mini cewa kakarsa ma takan yi wannan maganar, shi ya sa bai san ta inda zai fara ba. Ya juya ya yi wa likitar dogon bayani. Ta yi magana a hankali tana kallona, ba shi ba.

Ya ce, “Ta ce ba barci ya yi ba. Ƙwayar nan ta zubar da ciki ce. Ya fita tun ranar Juma’a. Abin da ya rage a ciki ne ya ruɓe, shi ne yake neman kashe ta.”

Na ce ya tambaye ta ko akwai allurar tayarwa. Bai tambaye ta ba. Ya dafa kafaɗata kawai.

Suka yi ƙoƙarin wanke ta, abin ya riga ya ci wuri. Da la’asar likitar ta dawo ta ce idan ana son ta rayu sai an cire mahaifar gaba ɗaya, kuma yanzu. Matata ba ta cikin hayyacinta, ba a iya tambayarta ba. Ni aka tambaya. Na dangwala babban yatsana a tawada na sa inda aka nuna mini.

Da ta farfaɗo abin da ta fara tambaya shi ne, “Yana nan?” Na ce ba ya nan. Ta rufe ido. Maganar mahaifa sai da ta fara zama da kanta na faɗa mata. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce in miƙo mata hijabinta, ta lulluɓa har fuska.

Kakak ta zo dubiya da kunun shinkafa a kwano. Abokina yana nan, sai na roƙe shi ya faɗa mata abin da muke nufi da barcin, ba don in kunyata ta ba, don dai ta sani. Bai gama bayani ba ta gane. Ta zauna a ƙasa a gefen gadon. Ta ce ita ta ɗauka kunya ce ta hana matata faɗin kalmar, shi ya sa ta ce barci. Ta ce duk macen da ta zo mata da ciki gab da gwaji abu ɗaya take nema, ba ta taɓa jin wata ta nemi wani abu daban ba. Shi ya sa ta tambaya ko miji ya sani, kuma da ta ga ina murmushi ta yi mamakin taurin zuciyata. Ita kanta sau uku ta sha ƙwayar nan, ba don ba ta son ƴaƴan ba. Matata ta yaye hijabin ta dube ta. Can ta ce in karɓi kwanon, ta sha cokali biyu. Iyakar abin da ya wuce tsakaninsu ke nan, kuma sun ci gaba da aiki a kicin ɗaya har Kakak ta tsufa ta koma ƙasarsu.

Alhaji ya biya asibiti, Allah ya saka masa. Ejan ya nemi a ɗaga ranar gwajin saboda rashin lafiya. Da ta warke ta je, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoto, aka ba ta ƴar robar. Ta ci. Ranar da ejan ya kawo takardar da sabon hatimi yana fara’a, ya ce wa Alhaji wannan ma’aikaciyar yanzu ba ta da matsala har abada. Ba da mugunta ya faɗa ba. A wajen aikinsa gaskiya ce.

Inna kuwa ba mu faɗa mata ba. Matata ce ta hana, ta ce tsohuwa ba za ta iya ɗaukar cewa shawararta ce ta buɗe ƙofar ba. Muka ce mata an yi rashin lafiya an warke. Duk kiran da za mu yi sai ta tambaya, “Baƙon bai motsa ba?” Mu ce tukuna. Ta ce kada a matsa masa, halin ubansa ya ɗauko. Haka ta riƙa tambaya har Allah ya karɓi abinsa. Da na je gida ta’aziyya ƙanwata ta ɗauko mini wani zanen goyo, saƙi, sabo fil, daga ƙasan adakar Inna. Ta ce Inna cewa ta yi a ajiye wa jikanta na Malesiya idan ya tashi.

Yanzu na san abin da likitoci suke cewa, ciki ba ya kwanciya. Malamin ajinmu ma ya karanta mana haka. Ba na musu da su, ba na kuma iya zuwa kan kabarin mahaifiyata in ce mata ta yi ƙarya. Ban ga laifinta ba, ban ga na Kakak ba. Mata biyu ne, kowacce ta ba da maganin da ta sani. Abin da na daɗe ina juyawa shi ne, me ya kai mu neman magani tun farko? Matata lafiyarta ƙalau, cikinta lafiyarsa ƙalau, da aurenta, da mijinta a gefe. Babu cutar da muke gudu. Doka muke gudu. Ni ba mai ilimi ba ne, na san kowace ƙasa tana da ikon cewa wane ya shigo, wane kada ya shigo. Amma idan ka karɓi mace ta dafa abinci a ƙasarka shekara da shekaru, ban gane yadda za ka karɓi hannuwanta ka ce mahaifarta ta jira a filin jirgi ba. Wanda ya zauna a ofis ya rubuta sharaɗin bai ba kowa ƙwaya ba. Sai dai ya bar mace da zaɓi biyu, ɗanta ko zamanta, ya kuma sa ta tsoron asibiti a ranar da ta fi bukatarsa. Matan da ke tsaye a layin gwajin nan da yawa sun san lungun da ake sayen ƙullin ledar. Mu bambancinmu da su kawai shi ne ba mu san abin da muka saya ba.

Muna nan har yau a Cheras. Ba a taɓa samun jirgin nan ba, talabijin ma ta daɗe da daina maganarsa. Matata tana miyarta, ɗalibai suna yabawa, tana riƙe musu jarirai idan matansu sun zo cin abinci, domin su takardarsu ta karatu ce, ba ta hana haihuwa. Ba ta waƙa a kicin kuma. Duk shekara muna zuwa gwaji tare, har yanzu suna miƙa mata ƴar robar, tana karɓa. Ba ta taɓa faɗuwa ba.

Ga abin da muka rasa. Ciki ɗaya, wanda shi kaɗai muka taɓa samu. Mahaifa ɗaya. Duk ƴaƴan da za su biyo bayansa, ban san yawansu ba. Gaskiyar da ke tsakanina da mahaifiyata a shekarunta na ƙarshe. Waƙar matata. Zanen goyon bai ɓata ba, yana cikin akwatinmu a ninke, tare da takardar aiki.